Mai Kalmomi da Mai Murya: Sharhi a Kan Waƙar "Paranoid" ta Black Sabbath

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙa sun daɗe suna fama da matsalar gane ko wane ne ke magana idan mawaƙi ya ce "ni" a cikin waƙa. Sau da yawa akan ɗauka cewa duk abin da ya fito daga bakin mai rerawa labarin zuciyarsa ne. Wannan maƙala za ta duba matsalar ta hanyar wata waƙar Ingilishi mai suna "Paranoid", wadda ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath ta fitar a 1970, Ozzy Osbourne ya rera. Waƙar tana cikin ginshiƙan kiɗan da Turawa ke kira hebi-metal, watau ƙarfe mai nauyi, wanda aka sani da amon gita mai kauri da rugugin ganguna.

2.0 Makaɗan

An kafa ƙungiyar a 1968 a Birmingham, birnin masana'antu a Ingila. Su huɗu ne, duk 'ya'yan ma'aikata: Tony Iommi mai gita, Geezer Butler mai gita mai babbar murya, Bill Ward mai ganguna, sai Osbourne mai rerawa. An haifi Osbourne a 1948, ya tashi a unguwar Aston. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a mayanka da masana'antar mota, har ya yi makonni shida a gidan kaso bisa laifin sata. Abin da ya kamata mu lura da shi tun daga nan shi ne rabon aikinsu: galibi Iommi ke ƙirƙirar kiɗa, Osbourne ya ɗora karin murya, Butler ya rubuta kalmomi.

3.0 Yadda Aka Samar da Waƙar

Bisa ga abin da makaɗan suka sha faɗa, ba a yi shirin wannan waƙa ba. Suna gab da kammala faifansu na biyu sai aka ga akwai giɓin kamar minti uku da ya kamata a cike. Iommi ya fito da wani gajeren karin gita mai sauri, Butler ya rubuta baitoci cikin gaggawa, Osbourne kuwa, in ji Butler, yana karanta takarda yana rerawa. Akwai ma wani gwaji na farko da aka fitar a 2009, inda ake jin Osbourne yana bin karin nan da wasu kalmomi dabam. Wannan ya nuna cewa kari ya riga kalmomi zuwa.

An so a kira faifan War Pigs, sunan wata waƙarsu ta sukar yaƙi, amma kamfanin faifai ya sauya shi zuwa Paranoid, aka bar hoton bangon yadda yake: mutum riƙe da takobi da garkuwa, wanda ba ruwansa da sabon sunan. Waƙar da aka yi don cike gurbi ta kai mataki na 4 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, faifan kuma ya kai mataki na 1.

4.0 Jigo da Zubi

Sunan waƙar yana nufin mutumin da ke zargin ana ƙulla masa sharri, amma kalmar ba ta fito ko sau ɗaya a cikin baitocin ba, jigon ma ba shi ke nan ba. Mai maganar mutum ne da duniya ta fita masa daga rai, ya rabu da masoyiyarsa, tunani ya hana shi sakat. Butler ya bayyana cewa ciwon damuwa, wanda shi kansa ya yi fama da shi, shi ne jigon, sai dai a lokacin bai bambance tsakanin cututtukan biyu ba.

Ta fuskar zubi, baitocin gajeru ne, kuma babu gindin waƙa da ake komawa gare shi. Wannan ya dace da jigon, domin mai sauraro ba ya samun wurin hutawa, kamar yadda mai maganar bai samu ba. Armashin waƙar yana cikin saɓanin da ke tsakanin kiɗa da magana: ganguna suna gudu, muryar Osbourne kuwa siririya ce, ba ta hawa da sauka sosai, kamar mai ba da rahoton halin da yake ciki ba tare da neman a tausaya masa ba. A ganina, da an rera baitocin da kuka da marairaita, da sun tashi a banza, don a kan takarda ba su da wata azanci mai yawa. Murya ce ta ba su nauyi.

5.0 Waƙar da Rayuwar Mai Rerawa

An kori Osbourne daga ƙungiyar a 1979 saboda shaye-shaye, Ronnie James Dio ya maye gurbinsa. Dio ya rera "Paranoid" a dandali tare da Butler, mai kalmomin, a bayansa. Duk da haka jama'a ba su daina danganta ta ga Osbourne ba. Shi ma da ya kafa tasa ƙungiyar, ya fitar da Blizzard of Ozz a 1980, ya ci gaba da rufe wasanninsa da ita.

Daga nan rayuwarsa ta riƙa yi wa waƙar sharhi. A Janairun 1982 ya ciji kan jemage a dandali a jihar Iowa ta Amurka. A Maris na shekarar makaɗin gitarsa Randy Rhoads ya mutu a hatsarin jirgin sama. Masu sauraro suka riƙa jin baitocin 1970 a matsayin iƙirarin wannan mutum mai rikitacciyar rayuwa, alhali wani ne ya rubuta su a kan nasa ciwon. A 2020 ya sanar da cewa yana da cutar karkarwa ta Parkinson. Ranar 5 ga Yuli, 2025, su huɗun nan suka haɗu a filin Villa Park da ke Aston, Osbourne yana zaune a kan karaga don ba ya iya tsayuwa, suka rufe taron da "Paranoid". Ya rasu ranar 22 ga Yuli, yana da shekara 76.

6.0 Kammalawa

Darasi biyu ke nan ga mai nazari. Na farko, kuskure ne a fassara "ni" ta cikin waƙa da tarihin mai rerawa kafin a binciki yadda aka samar da ita. Na biyu, gano marubuci bai warware maganar mallaka ba. Masu nazarin waƙar baka sun san haka, domin 'yan amshi kan yi ƙari a waƙa, amma sunan makaɗi take ɗauka. Butler ya rubuta "Paranoid" cikin ɗan lokaci, Osbourne ya yi shekara 55 yana rera ta. Sharhin da ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya bai cika ba.