Wasan Kwaikwayon 'Yan Makaranta da Zumuncin Ƙetaren Iyaka: Tarke daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Manufar wannan takarda ita ce duba wani ɓangare na wasan kwaikwayon Hausa wanda manazarta ba su cika waiwayarsa ba, watau wasannin da 'yan makaranta kan shirya domin su nuna wa takwarorinsu na wata ƙasa irin al'adarsu. Za mu tsaya ne a kudancin ƙasar Katsina, yankin Funtuwa da Malumfashi, inda noma shi ne ƙashin bayan zaman jama'a. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, an daɗe ana kai kallo nesa wajen neman abokan musaya, alhali abokan da suka fi dacewa suna Maraɗi, kuma wannan hangen nesa ya yi wa wasannin kansu illa.

Irin wannan musaya tana da samfuri sananne. A 2006 hukumar British Council ta fara wani shiri mai suna Connecting Classrooms, wanda ya riƙa haɗa makarantun Ingila da na ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, yara suna aika wa juna zane-zane da hotuna da labarai. Ba mu ƙi amfanin shirin ba. Sai dai duk wanda zai nuna kansa ga baƙon da bai san harshensa ba, tilas ya dogara da abin da ido ke gani. Daga nan ne muke ganin aka sami salon da ya mamaye bukin ranar al'adu a makarantunmu: babbar riga da rawani, amarya da lalle, mai kalangu a gaba, 'yammata ɗauke da ƙore a baya.

Mun kalli irin wannan wasa a wata makarantar sakandare ta yankin. An fito da sarki da dogarai, an ɗaura aure, an kai amarya, aka yi tafi aka watse. Ba rikici a cikin wasan, ba wanda yake neman wani abu ya rasa, saboda haka ba jigo, sai jerin gwano na tufafi. Yaran da suka yi wasan kuwa, galibinsu 'ya'yan manoma ne, sun san bashin taki, sun san gardamar awo a kasuwar auduga, amma ko kalma ɗaya ta noma ba ta fito daga bakinsu ba. Abin mamaki ne a ce ƙasar da injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA suka yi wa suna tun zamanin Turawa ta gabatar da kanta ba tare da ko fartanya ba.

To, yanzu mu ƙaddara 'yan kallon yaran Maraɗi ne. Rawani ba zai burge su ba, domin suna da nasu. Tilas mai shirya wasa ya nemi abin faɗa.

Abin faɗar kuwa yana nan jibge a tarihi. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, aka ba Malam Ummarun Dallaje tuta, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819. Sarkin Maraɗi da sunan Sarkin Katsina ake kiransa, kuma manyan sarautun fada irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka ana samunsu a can kamar yadda ake samunsu a nan. Yaron Malumfashi, wanda ya tashi yana jin Galadiman Katsina shi ne hakimin garinsu, zai yi mamaki in ya ji akwai wani Galadiman a ƙetaren iyaka, mai tutiya da gidan Katsina shi ma. Bugu da ƙari, zumuncin ba na lumana kaɗai ba ne. A ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, sun sha kawo hari ƙasar Katsina. Ashe ke nan wanda yake barde a bakin makaɗan wancan gefe, mahari ne a labarin kakannin wannan gefe. A ganinmu nan ne wasan kwaikwayo na gaske yake. Yara biyu su tsaya a dandali ɗaya, kowa ya ba da labarin hari guda yadda ya ji shi a gida, a bar 'yan kallo su auna. Malaman da suke tsoron wannan jigo don kada a ta da tsohon miki suna raina hankalin yara ne.

Sa'an nan ga al'adun noma. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana nazari, Guy Nicolas kuma ya yi nasa a kan Arnan kwarin Maraɗi, inda ya yi bayanin bukin dubu, watau bukin manomin da ya ɗaure dami dubu ya cancanci sarautar noma. Gayya da kiɗan gangar noma da kirarin sarkin noma duk gādo ne na gefen biyu. Haka nan tashe, wanda shi ne wasan kwaikwayon da yara suka mallaka tun fil'azal, su ke tsara shi cikin watan azumi ba da sa hannun malami ba, kuma cike yake da zambo da hannunka-mai-sanda ga manya.

Amma inda muka fi ganin asara shi ne wajen harshe. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ta sa Hausa ɗaya ta yi aro daga rijiyoyi biyu. Ɗan Maraɗi yana zuwa lakwal wurin mushe, in ya yi ciwo a kai shi ga lokotoro. Namu yana zuwa firamare wurin ticha, a kai shi ga likita. Wajen kuɗi abin ya fi daɗi. Dala a Nijar faran 5 ce, jikka kuwa faran 1,000, alhali jaka a Nijeriya naira 200 ce. A sa dillalin masara na Funtuwa ya yi ciniki da falken Maraɗi, kowa yana lissafi da jakarsa, an sami wasan ban dariya cikakke, mai koyar da tarihin mulkin mallaka ba tare da an ambaci Bature ba. Magabata sun riga sun nuna hanya. Yazi Dogo, malamin makaranta ne a Damagaram, ƙungiyarsa ta yi fice da wasannin da ake tsara zubinsu a baka, 'yan wasa su cika maganganun da kansu, kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. A Kaduna kuma Samanja ya gina raharsa a kan Hausar bariki. Duk su biyun sun gane cewa gaurayen harshe jari ne. Mu kuwa a makarantu sai mu bi wasan yara da jan biro, wanda ya ce hwara a mayar da shi fara, har a kai inda manomi da alƙali da 'yar talla duk suke magana da murya ɗaya ta littafin aji.

Ba mu manta da wahalar tafiya ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma an rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020 kuwa, ba uban da za a zarga in ya hana ɗansa shiga motar makaranta zuwa wata ƙasa. Sai dai wasan da ya dogara da magana ba ya bukatar 'yan wasa su yi tafiya. Ana iya ɗaukar sa da wayar hannu a aika, ɗaya gefen ya mayar da martani da nasa wasan, kamar yadda waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa, suka riƙa ƙetare iyakar nan a kaset. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka akwai azuzuwan da za su iya karanta rubutaccen wasa daga Malumfashi. Abin da malami zai fara nuna wa yaransa in takardar Maraɗi ta iso shi ne, inda mu muke rubuta 'ya'ya da 'y, su da ƴ mai lanƙwasa suke rubutawa.