Ƙyallin Mota Yana da Farashi

A 'yan shekarun nan masu motoci a Kano sun kamu da son ƙyalli. Matashi zai ga bidiyo a TikTok an goge baƙar mota har mutum yana ganin fuskarsa a jikin ƙofa, washegari sai ya nufi garejin Kwakwaci ko wajen masu fenti na Ƙofar Ruwa ya ce shi ma haka yake so. Ina matuƙar ƙaunar wannan aiki, na kuma san gwaninta ce babba. Damuwata ita ce ana yin sa a kan motocin da ba su da ƙarfin ɗaukarsa.

Fentin motar zamani hawa uku ne: firaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wadda ba ta da launi. Idan aka fesa kiliya ba ta kwanciya sumul. Takan yi ƙurji-ƙurji, kuma da yake yawancin masu fentinmu a ƙarƙashin rumfa suke feshi, ƙura kan faɗa mata tun tana ɗanya, musamman da hunturu. Shi ya sa mai fenti yake jiƙa sanfefa mai laushi, lamba 1500, sannan 2000, wani har 3000, ya bi jikin motar a hankali ruwa na zuba, har ko'ina ya daidaita ya yi dishi-dishi. Daga nan sai ya shafa man guga irin su G3 ko 3M, ya ɗora inji mai soso, ƙyalli ya fito. A kan sabon fentin da aka zuba wa kiliya isasshiya, wannan shi ne cikar aiki.

To amma duk ƙyallin nan daga jikin kiliyar ake kankaro shi. Kiliyar da mota ke fitowa da ita daga kamfani kaurinta bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai silin gashi ba. Ita ce kuma ke tare wa launi zafin rana. Motar da ta yi shekara goma a Turai ko Amurka, ta biyo ta Kwatano, wataƙila an riga an goge ta can, dillali ya sake gogewa a nan, sai kuma mai ita ya ce a sa mata sanfefa saboda Sallah. Me ya rage a jikinta?

Mu a unguwar Sheshe abin ya fi shafar mu. Gidajenmu a lunguna suke, mota ba ta shiga. A bakin titi take kwana, a nan take wuni, ta sha ranar Afrilu da ke haura digiri 40, ta sha hazo, yaro ya zo da busasshen tsumma ya murje ƙurar, wani ya wanke ta da omo. Irin wannan mota kauri take buƙata fiye da ƙyalli. Ku dubi rufi da bonet na motocin da ke jere a hanyar Kasuwar Kurmi, za ku ga masu farin dabbare-dabbare inda kiliya ta ɗaɗɗago. Idan ta kai haka babu man da zai dawo da ita, sai sabon feshi.

Kanawa ba baƙin sheƙi ba ne. Masu bugu na Ƙofar Mata da na Kura sun san cewa yadin da bai sha shuni ya ƙoshi ba, ko an kwana ana dukansa ba zai yi sheƙi mai ɗorewa ba, sai dai ya lalace. Haka fenti yake.

Sai kuma gaggawa. A fesa mota yau, gobe mai ita ya tsaya a kan mai fenti wai jibi ɗaurin aure. Fentin da bai gama bushewa ba yana ci gaba da tsukewa, don haka zanen sanfefar da aka ɗauka ya ɓace sai ya dawo bayan makonni. Wasu kuma ba sa cire zanen ma, man da ke cike shi kawai suke shafawa, wanki biyu asiri ya tonu. A nan ba na ɗora wa masu fenti laifin duka. Mu ne muke taya aiki da arha har sai mutum ya rage kiliya domin ya fita kuɗinsa, sannan mu dawo muna neman ƙyallin bidiyo.

Don Allah malam, kafin ka ce a sa wa motarka sanfefa, tambayi mai fenti ko jikinta zai ɗauka, in ya ce a'a ka yarda da shi. In sabon fenti ne, biya kuɗin kiliya hawa uku, ka bar masa motar har ta bushe yadda ya ce. Ku kuma masu fenti, akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti da ake dangwalawa a jikin mota ta nuna lamba. Ku nemi ko da guda ɗaya ce a kowane gareji, ku riƙa aunawa kafin ku jiƙa sanfefa.