Aikatau 'Ignite' da Yadda Ake Fassara Shi Zuwa Hausa: Gajeren Sharhi

Manufar wannan takarda ita ce a duba wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin masu fassarar labarai da kuma ɗalibanmu, wato mayar da aikatau na Turanci 'ignite' zuwa 'cinna wuta' ko 'kunna' a duk inda suka ci karo da shi. A ganina wannan kuskure ne, kuma ɓarnarsa ta wuce ta nahawu.

Kalmar ta samo asali ne daga 'ignis' ta Latin, ma'ana wuta. Abin da take nufi shi ne farawar ci, ba ƙonewa ƙurmus ba. Haka kuma tana aiki a matsayin aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau: mutum zai iya sa abu ya kama, abu kuma zai iya kamawa da kansa. Ba ta faɗar niyyar kowa.

Ita kuwa Hausa ta rarraba wannan fage filla-filla. Ana kunna fitila, a ƙyasta ashana, a hura wuta a murhu. Amma 'cinna' da 'banka' galibi suna ɗauke da ganganci. Saboda haka idan rahoton Turanci ya ce fetur ya kama a tankar da ta faɗi, mai fassara kuwa ya rubuta "an cinna wa tankar wuta", to ya ƙirƙiro mai laifin da babu shi a cikin labarin. Mai sauraro zai tambaya, wa ya cinna? Daga nan sai zargi, wani lokaci har da ɗaukar fansa. Daidai shi ne "fetur ɗin ya kama da wuta".

Matsala ta biyu tana wajen ma'ana ta adon magana. Alal misali, Turawa kan yi amfani da wannan aikatau game da kisan Yarima Franz Ferdinand a Sarajebo ranar 28 ga Yuni, 1914, wanda ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu kan ce kisan ya "rura wutar yaƙi". Ai ba a rura wutar da ba ta kama ba tukuna. Nan 'tayar da' ko 'haddasa' suka dace.

Ba laifin ƙamus ba ne. Wanda ya buɗe na Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990 ya ɗauki kalmar farko da idonsa ya faɗa kanta, shi ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Shawarata ga malamai ita ce a horar da ɗalibi ya yi tambaya uku kafin ya ɗora alƙalami: akwai aikau a jimlar? Da gangan ya yi? Wutar ta zahiri ce ko ta misali? Amsoshin su za su zaɓa masa aikatau.