Wa ya riƙe digar? Sharhi kan wani darasin Hausa da aka ɗora bisa tarihin hanyar jirgi

A wani zaman ƙara wa juna sani da muka yi kwanakin baya, wani abokin aiki ya miƙo mini ƴan takardu da wasu malaman makarantar harshe biyu suka haɗa domin ƴan aji huɗu da na biyar. Darussa ne na karatu, da shifta, da nahawu, da insha'i, dukansu a kan batu guda: yadda aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Na karanta su har sau biyu. Niyyar mai kyau ce, kuma ina goyon bayanta. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, wanda nake ganin ya cancanci malamai su tattauna shi.

Wani zai ce: me ya haɗa yaron Tasawa ko na Madawa da jirgin ƙasa, alhali bai taɓa ganinsa ba sai a waya? Gaskiya ne an buɗe tashar Yamai a 2014, an kuma shimfiɗa ƙarfe kimanin kilomita 140 har Doso, amma hanyar ba ta zama ta jigilar jama'a ba. Sai dai rashin ganin jirgin bai hana shi shiga rayuwarmu ba. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, sannan Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta san hanyar tasha. Daga baya Faransawa suka yi ta ƙoƙarin karkata ta zuwa Paraku, inda layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Batun dai ba baƙo ba ne.

Inda takardun suka fi burge ni shi ne darasin kalmomi. Malaman sun lura cewa "jirgi" asalinsa na ruwa ne, sai Bahaushe ya ga wani abu yana ratsa ƙasa da kaya da mutane, ya ce jirgin ƙasa, daga baya ya ɗaga kai ya ce jirgin sama. Da wannan misali guda yaro zai gane yadda harshensa ke ƙirƙirar suna ba tare da ya ara ba. Sun kuma kawo kalmomin aro: tasha, lebura, tarago, diga, dukansu daga Ingilishi, an sassaƙe su sun dace da bakin Bahaushe. Yaron da ke koyon Faransanci da rana zai yi mamakin jin cewa kalmar da yake furtawa kullum ta shigo ne ta kudu, daga wani harshen Turawa dabam. Wannan darasi ne na gaske, kuma ba ya bukatar kuɗin kowa.

Matsalar tana cikin nassin karatun kansa. Na ƙirga jimlolinsa, sai na tarar kusan kowace da "an" ko "aka" ta fara. An fara aiki, aka sare daji, aka haƙa ƙasa, aka kai Kano. Sunan mutum ɗaya tak ya fito, shi ne Gwamna Girouard, Baturen da ya jagoranci aikin layin Baro zuwa Kano daga 1907. Yaro ya gama karatu, ya amsa tambayoyin auna fahimta daidai, ya haddace shekaru, amma bai san cewa hannun mutum ne ya riƙe digar ba.

To, wannan "an" ɗin ba laifin nahawu ba ne. Wakilin suna ne mai amfani ƙwarai, muna sa shi idan ba a san mai aikin ba, ko idan sanin nasa ba shi da muhimmanci, ko don kunya da ladabi. Amma a nan an san masu aikin. Dubban manoma ne da Turawan Ingila suka sa sarakuna da hakimai su tara musu, ƙauye-ƙauye, ko suna so ko ba sa so. Ana biyansu ƴan kuɗi, amma ba su suka zaɓi barin gonakinsu ba. Shi ya sa "aikin diga" ya zauna a bakin tsofaffi da ma'anar wahala. Malamin da ya koyar da kalmar diga a shafi na uku, sannan ya ɓoye mai riƙe da ita a shafi na ɗaya, ya bar darasinsa da giɓi a tsakiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne damar da aka bari ta wuce, domin gyaran ma darasin nahawu ne. A rubuta a allo: "An haƙa ƙasa." A tambayi yara: wa ya haƙa? Su sake gina jimlar da mai aiki, su sauya "an" ya koma "sun", su ga yadda jimla ke canza fuska idan aka ba ta suna. Daga nan insha'i ya samu ƙofa: wasiƙa daga bakin saurayin da aka ɗauka aikin diga, zuwa ga mahaifiyarsa, lokacin da damina ta kusa kuma ba mai share masa gona. Yaro ɗan shekara goma ya san abin da rashin hannu a gona yake nufi fiye da yadda ya san kilomita.

Akwai kuma adabin da takardun ba su waiwaya ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 kuma layin ya ratsa ƙasarsa, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan aiki. Ba na cewa a ɗora wa ƴan aji huɗu waƙar gaba ɗaya, harshenta ya fi ƙarfinsu. Amma malami ya kamata ya san ta, ya zaɓi abin da zai rera musu, su ji cewa wanda ya ga abin da idonsa ya yi magana a kansa da Hausa. A ɓangaren Faransanci kuwa, malamanmu da yawa sun karanta littafin Sembène Ousmane na 1960, Les Bouts de bois de Dieu, a kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar-Niger na 1947 zuwa 1948. A nan ma takardun sun yi ɗan tuntuɓe: sun ambaci layin ba tare da bayyana cewa "Niger" ɗin kogin ake nufi ba, domin a Kulikoro ta ƙasar Mali ya tsaya. Na tabbata akwai yaran da za su tashi da zaton jirgin Dakar yana zuwa Yamai.

Shiftar ma tana bukatar a sake dubanta. An cika ta da lambobi da sunayen garuruwa, aka manta da abin da yaranmu suka fi faɗuwa a kansa, wato haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi. Ga su kuwa batun ya kawo su a sauƙaƙe: ƙarfe, ƙasa, shimfiɗa, gyaɗa, ƴan ƙwadago. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973 muke fama da wannan, kuma har yanzu ana samun ɗalibin da zai rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa".

Na mayar wa abokin nawa takardunsa da jan biro a gefen kowace jimla mai "an". Ya ce zai kai wa malaman kafin hutu, su gwada darasin sauya jimla a aji ɗaya, su kawo mana abin da yaran suka rubuta a zama na gaba.