Dodon Waya da Dodon Tatsuniya

A wani dare na hunturun da ya wuce, bayan an idar da sallar lisha, ina zaune ƙofar gida a Nasarawa ta Birnin Kebbi, sai na lura da ɗan ƙanwata ya raɓe jikin garu ya ƙudundune cikin mayafi, hasken waya na dukan fuskarsa, bai motsa ba bai ce uffan ba har shayinsa ya huce. Da na tambaye shi abin da ya ɗauke masa hankali haka, sai ya ce, "Kawu, wata dabba nake dako, yau dare na uku ke nan. Ba ta fitowa sai an yi sa'a, in kuwa wani ya riga ni, sai wani jiƙon."

Wanda bai san irin wasannin da yaron yake yi ba, bayaninsu shi ne dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗuwa ta intanet cikin wata duniya ƙagaggiya, kowa ya ari surar jarumi, su kuwa mawallafan wasan sukan ɓoye waɗansu halittu a cikinta, su tsara musu nasaba da tarihi, sa'an nan su ƙayyade da lissafi cewa ba za su bayyana ba sai nadiran. A cikin World of Warcraft, wanda aka fitar a Amurka a 2004, an sanya wani maciji mai fukafukai a duwatsun ƙanƙara a 2008, wanda mutane masu hankalinsu sukan yi kwana da kwanaki suna gadinsa. A 2016 kuma Pokémon Go ya fitar da jama'a kan tituna suna farautar abin da babu shi sai a fuskar waya.

Haƙiƙa ban yi fushi da yaron ba, domin na gane ɗabi'ar, kuma ta girmi waya nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ya ga dubban masunta da homa da gora sun yi cirko-cirko suna jiran izini, kowannensu zuciyarsa na wurin giwan ruwan da la'alla ba shi zai same ta ba, ya kuma ji yadda Kabawa suke hikayar Sarkin Ruwa da mu'amalarsa da kadoji, to ya san cewa begen abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa gadonmu ne. Abin da ya dame ni kawai shi ne yaron ya haddace nasabar dodannin Turawa da na Japan, alhali bai taɓa jin sunan Zankallala ba, wannan ɗan tsurut da bai wuce fara ba, wanda kurege ne dokinsa, maciji sandarsa, kunamu ƙaiminsa, ƙudan zuma hularsa, tsuntsaye na binsa suna masa kirari, wanda Dodo ya haɗiye, shi kuwa ya fasa kan Dodo ya fito abinsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne samarinmu da suka koyi ilmin kwamfuta su daina zama masu saye kaɗai, su buɗe taskar tatsuniya, kamar yadda waɗansu matasan Kamaru suka yi da suka fitar da wasan Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka. Amma akwai haddi, kuma a nan na saɓa wa masu ɗokin da suke cewa a kwaso kome da kome, har da Sarkin Rafi da Inna da Ɗan Galadima na 'yan bori, a mai da su ababan farauta. Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Zankallala ƙarya ce wadda mai faɗa da mai ji suka yi ittifaƙi a kanta, shi ya sa kakanninmu suke rufe ta da ƙurunƙus, kowa ya tashi ya kwanta. Aljanu kuwa halitta ce ta gaibu da ta tabbata da nassi, har da sura guda da sunansu a cikin Alƙur'ani, kuma iskokin bori har gobe akwai masu yi musu yanka. Mai jayayya zai kafa hujja da Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 cike da aljanu, malamai kuma ba su hana karanta shi ba. Jawabina shi ne mai karatu labari yake ji ya rufe littafi, mai wasa kuwa da hannunsa yake kira, ya kama, ya mallaka, ya maimaita dare bayan dare, kuma ban ga maslaha a koya wa yaro siffar neman hidimar aljani ba, ko da da sunan wasa ne.

A daren nan dai dabbar ba ta fito ba, cajin wayar ya ƙare, sai na zaunar da yaron na ba shi labarin Zankallala daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru yana tafakkuri, can ya ɗago ya ce, "To Kawu, wanda in an haɗiye shi yake fitowa ta ka, da me za a ci shi?" Na rasa amsa, domin tsohuwar da ta ba ni labarin ba ta taɓa faɗa mini ba, na ce masa wannan mas'ala tasa ce da tsararsa, su je su warware ta.