Sauya wa Tsohuwar Mota Launi da Fentin Araha

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu tsofaffin motoci, wadda a ganina ta cancanci a dube ta da idon basira, wato mutum ya gaji da launin motarsa, ya kai ta wurin mai fenti na bakin titi, ya ce a mai da fara ta koma baƙa kafin Juma'a, alhali kuɗin da ya riƙo ko rabin aikin ƙwarai ba su isa ba. Ni dai ban goyi bayan haka ba, kuma ba don na raina sana'ar masu fenti ba, domin a cikinsu akwai gwanaye waɗanda ƙarancin lada ne kaɗai ke tilasta musu gaggawa.

Wanda ya san Fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ya san cewa fentin masana'anta ana gasa shi ne tun jikin motar yana ƙarfe zalla, ba a sa kujera ko gilashi ba, shi ya sa yake jure rana da damina shekara da shekaru. Sauya launi na haƙiƙa kuwa sai an cire fitilu da gilasai da robobin ƙofa, an kankare tsatsa har ƙarfe ya bayyana, an shafa fentin share fage an bar shi ya bushe, sa'an nan a bi bakin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin murfin inji, duk a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Mai aikin araha ba shi da sukunin wannan. Tsohuwar jarida zai liƙa a gilashi, ya cike ramukan tsatsa da fila, ya fesa a gindin bishiya, iskar hunturu tana yayyafa ƙura a kan ɗanyen fenti. Damina ɗaya ta isa tsatsar da aka binne ta kumburo kamar ƙuraje, kuma duk inda ɗan acaɓa ya goga, ko aka buɗe ƙofa, tsohon farin nan zai leƙo.

Ga kuma sha'anin hukuma, domin launin mota a rubuce yake cikin takardunta, wanda ya sauya bai gyara su ba ya jawo wa kansa tambaya a kowane shinge. Koren sojoji ma, wata doka ta 1977 ta hana farar hula shafa shi a motocinsu a Nijeriya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ranar sayarwa. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun haramta algus da ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita idan aibin ya bayyana daga baya, to yaya ke nan ga wanda ya lulluɓe ruɓaɓɓen ƙarfe da sheƙi ya yi shiru? Ko da ma niyyarsa tsarkakakkiya ce, dillalai suna ganin launi biyu a bakin ƙofa sai su zaci hatsari aka ɓoye, su karya farashi.

Saboda haka mai ɗan abin hannu, in ya nemi shawarata, sai in ce ya kashe kuɗinsa wajen kashe tsatsa da walda, ya maimaita launin asali a inda ya koɗe, abin da ya rage ya duba birki da tayoyi.