Gwanin da ke yi wa masana alƙalanci

Gabon na da man fetur da manganis da katako, al'ummarta kuma ba ta kai miliyan uku ba. To me ya sa arzikin ke taruwa a hannun gwamnatin Libreville da 'yan tsiraru? Masana sun sha ba da amsa. Gwanin tarihin tattalin arziki kuwa zaunar da amsoshin yake yi kamar alƙali da shaidu, ya tambayi kowacce abin da ta gani da lokacin da ta gan shi.

A 2001 Acemoglu da Johnson da Robinson, waɗanda suka ci lambar Nobel a 2024, suka ce inda zazzaɓi ya hana Turawa zama, hukumomin tatsa suka kafa. Zancen ya zauna a kan Libreville, wadda Faransawa suka kafa a 1849. Sai gwani ya ce: ai Kano ma Turawa ba su mai da ita gida ba, amma da jirgin ƙasa ya iso a 1911, manoma ne suka noma gyaɗa, 'yan kasuwar gida suka yi ta sayenta. Ashe wannan amsa ba ta raba Kano da Gabon ba.

Samir Amin ne ya raba su a 1972. Ya bambanta Afirka ta Yamma mai cinikin amfanin gona da yankin Kwango da Gabon, inda a 1899 Faransa ta yanka wa kamfanoni kusan 40 makeken daji, su kwashi roba da hauren giwa yadda suka ga dama.

Sannan a 1996 Douglas Yates ya ce fetur ne tushen matsalar: gwamnatin da mai ke ciyarwa ba ta buƙatar harajin talaka, balle ta saurare shi. Nan gwani zai duba kalanda. An fara fitar da mai a 1957, kamfanonin daji sun riga shi da kusan shekara 60. Ke nan mai ya tarar da tsarin a ƙasa, ya dai yi masa ƙiba har gidan Bongo ya riƙe mulki daga 1967 zuwa 2023.

Abin burgewa shi ne bai kori ko ɗaya daga cikin shaidun ba. Kowacce ya auna iyakar abin da za ta iya tabbatarwa, ya hana ta wuce gona da iri. Mai son gyara hukumomin ƙasa irin wannan hukunci yake buƙata, don wanda ya ɗora laifin duka a kan mai zai zauna jiran rijiyoyi su ƙafe.